Wane suna za mu ba na'urar da ke kai sautin talabijin kunne?

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata 'yar na'ura da ta fara shigowa gidajenmu na karkarar Ringim da Taura, musamman waɗanda suka sa sola, kuma har yau ba ta da suna a bakinmu. Girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Ana soka ta a bayan talabijin, ko a ramin iyafis ko a ramukan nan ja da fari, ta ci wuta daga ramin USB, sai ta ɗauki sautin ta tura shi ta iska zuwa abin da ka maƙala a kunne. Maigida na kallon ƙwallon Turai da dare, mai jego da jaririnta na barci a ɗaki ɗaya, ba wanda ya takura wa wani. A kwalinta an rubuta transmitter. Mu me za mu ce mata?

Kada a ce bulutut, domin nan matsalar take. Bluetooth hanya ce da na'urori ke bi su gana da juna, kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aikinta a 1994, sunan kuma laƙabin wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10, Harald. Waya na da shi, sifika na da shi, rediyon mota na da shi. Idan mutum ya biya kuɗin mota ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ce a ba shi bulutut na talabijin, babu mamaki a miƙo masa mai karɓa, wato wanda ke karɓo sauti daga waya ya zuba a sifika. Ya dawo gida ya jona, shiru. Kamanninsu ɗaya, aikinsu kishiyar juna. Rashin suna asarar kuɗi yake jawo wa talaka, shi ya sa na ɗauki maganar da gaske.

Wani malamin firamare daga Gumel ya kawo shawarar mu bi ƙa'idar sunayen kayan aiki, irin mabuɗi, madubi, magogi. Malam, Allah ya ƙara ilimi, hanyar tana da kyau, amma duba inda take kai mu. Daga aika sai a samu ma'aiki, wannan kuwa suna ne da muka keɓe wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba mai ɗora shi a kan kayan lantarki. Daga watsa a samu mawatsi, alhali watsawa aikin gidan rediyo ne mai yi wa duk gari magana, ita kuwa wannan da kunne ɗaya ko biyu take yi, kuma da ƙyar take wuce mita 10, in akwai katangar ƙasa mai kauri ma ba ta kai haka ba. Mamiƙi daga miƙa ya fi dacewa da ma'ana, sai dai yana da nauyi a harshe, ba na jin yaran shago za su riƙe shi.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ya tuna mana da wayar iska. Baba, wannan kalma ta burge ni, tsohuwa ce kuma tamu ce. Ina ganin a bar ta ga ita hanyar tura sauti ta iska baki ɗaya, na'urar kuma a nemo mata nata.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne ɗan raɗa. Aikinta ke nan: talabijin ta yi shiru ga kowa, ita ta zo ta faɗa maka a kunne. Gajere ne, jam'insa 'yan raɗa, tsohuwar da ba ta taɓa ganinsa ba in ta ji sunan ta gane. Wata Hajiya daga Kazaure ta ce raɗa na da warin gulma. Gaskiya ne Hajiya, amma gulma a bakin mai yi take. Uwa ma na yi wa ɗanta raɗa a cikin taro, kuma ana yi wa jariri huɗuba a kunne.

Da wannan suna har cikin na'urar za mu iya bayyanawa. Akwai ɗan raɗa mai makara: ka ga bakin mai labarai ya motsa, maganar ta biyo baya da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, abin da ke ɓata kallon fim ƙwarai. Wanda aka rubuta wa aptX Low Latency ya rage jinkirin har ido ba ya kama shi, da sharaɗin shi ma abin kunnen yana da wannan fasaha. Ɗayan kuma, na waya zuwa sifika, mu ci gaba da ce masa mai karɓa.

Kafin masu shago su saba da sunan, wanda zai saya ya duba jikin na'urar: TX shi ne ɗan raɗa, RX mai karɓa, akwai kuma mai makunni da ke yin duka biyun. 'Yan'uwa na Haɗeja da Ɗambatta, in akwai abin da ake ce masa a wajenku, ku faɗa mana mu ji.