Taƙaitawa: ina masu digirin injiniyan teku ke samun aiki?

Jama'a ga abin da na tsinta daga maganganunku.

1. Kusan kowa ya yarda aikin yana kudu, Legas, Onne, Bonny, wato NPA (hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa), NIMASA (hukumar kula da sufurin jiragen ruwa da lafiyar zirga-zirga a teku), kamfanonin mai da masu yashe tashar jirgi irin ta Lekki da aka buɗe 2023. Ɗan Kano sai ya shirya barin gida.

2. An rabu kan dawowa arewa. Wasu sun ce ilimin ruwan zai yi amfani a madatsar Tiga da Challawa ko NIWA (hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida) a Lokoja, wasu suka ce ai dam daban teku daban, ba igiyar ruwa ba gishiri mai cin ƙarfe. Ni dai na fi karkata ga na farko, lissafin ruwa ɗaya ne.

3. Rajistar COREN (hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya) kuwa ba wanda ya musa, a yi ta da wuri.