Na rage ma'aunin taswira, gidaje sun hau kan titi

Mai_awo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da bayanan wani gari a ma'aunin 1:10,000, ana so in fitar da su a 1:50,000. Na sa manhajar taswira ta QGIS ta sauƙaƙa layuka da dabarar Douglas-Peucker, sai kogi ya rabu da gadarsa, gidaje kuma suka hau titi. An ce in koma tsarin da ke ɗaukar kowane gida ko titi a matsayin abu mai dokokin kansa. Me zai ƙara min?

Tsohon_ma'auni:
Wa alaikumus salam. Dabarar nan tun 1973 aikinta ɗaya ne, zubar da ɗigogin da ba su kauce wa layi sosai ba. Ba ruwanta da ko kogi ne ko titi. Hawan gidaje kuwa lissafi ne. A 1:50,000 milimita ɗaya mita 50 ce a ƙasa. Ka zana titi da kaurin milimita 0.6, ya cinye mita 30, ko da faɗinsa na gaskiya mita 8 ne. Ina gidan bakin titi zai je?

A wancan tsarin, gida ya san ƙanƙantar da ba zai wuce ba, ya san kusurwoyinsa ba sa karkacewa. Gada ta san tana haɗe da kogi da titi, in kogi ya gusa sai ta bi shi. Abin da ya fi burge ni shi ne rukunin gidajen da tituna suka kewaye, shi ma abu ne. Shi ke duba cunkoso ya yanke hukunci: a matsar da wannan, a haɗe waɗancan, a cire rumfa a bar asibiti.

Hajiya_taswira:
Malam ya yi daidai, amma kada ka ɗauka aikin yini guda ne. Hukumar taswirar Faransa da abokanta sun shafe shekaru a kan shirin AGENT na gina irin wannan tsarin a ƙarshen shekarun 1990. Ta Holan sai 2013 ta kai ga fitar da 1:50,000 daga 1:10,000 ba sa hannun mutum. Kuma in titunanka ba su haɗu a mararraba ba, duk wayon tsarin banza ne.

Mai_awo:
Na gode. To da me zan fara?

Hajiya_taswira:
Gyara mahaɗar tituna tukuna. Sannan koguna, sai tituna, gidaje a ƙarshe, tunda su ne masu matsawa.