An ce kasuwar hannun jari ta tashi, amma nawa yana nan inda na bar shi

Malam_TudunWada:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tsohon malamin firamare ne a nan Tudun Wada. A 2007, lokacin da kowa ke rububin hannun jarin bankuna, na sayar da raguna biyu na saya. Tun Janairun 2024 nake jin rediyo na cewa ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya wuce maki 100,000, ni kuwa nawa ko uwar kuɗin bai dawo ba. Wai me ake aunawa ne? Ko lissafin dokin Rano ne?

Ɗalibar_Kongo:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Lissafin gaskiya ne, sai dai ba kai ake ƙirgawa ba, nauyi ake aunawa. Ana ɗaukar farashin hannun jari ɗaya na kamfani, a ninka shi da yawan hannayen jarinsa, abin da ya fito shi ne darajarsa. Sai a tara na duk kamfanonin, a gwada da yadda suke a Janairun 1984, lokacin da aka fara ma'aunin da maki 100.

Kamar kasuwar Sabon Gari ce, Baba. Dillali ya sauke tirelar masara, wata tsohuwa kuma ta kasa tiya biyu ta gero. In masara ta yi tsada sai a ce hatsi ya tashi, ko da geron tsohuwa ya faɗi. Su Dangote Cement, MTN, Airtel da BUA Foods su ne masu tirelar. In sun motsa, ma'auni ya motsa.

Ɗan_Samaru:
Haka ne, amma ba ko'ina ba. Ma'aunin Dow Jones na Amurka, wanda Charles Dow ya fara a 1896 da kamfanoni 12, yanzu 30, farashin hannu ɗaya kawai yake dubawa. Mai dala 400 ya ninka mai dala 100 nauyi sau huɗu, ko da shi ne ƙaramin kamfani. Ni dai a ganina tsufa ne kawai ke riƙe da shi. Wani ma'aunin Amurkan, S&P 500 na 1957, ya fi ma'ana: kwamiti ne ke zaɓen kamfanonin, kuma hannayen da jama'a za su iya saya ake ƙirgawa, ban da waɗanda masu kamfani suka ƙulle.

Hajiya_PZ:
Ku bar Amurka tukuna. Malam, dab da ƙoli ka saya. Ma'aunin ya haura 66,000 a Maris 2008, shekara na zagayowa ya koma wajen 20,000, mu ma mun ɗanɗana. Kuma makin nan da naira ake lissafa shi. Lokacin da ka sayar da ragunanka dala ba ta kai naira 130 ba. Sannan ribar shekara da kamfani ke rabawa ba ta cikin makin. Ka taɓa karɓar taka? Ka kai takardar shaidar hannun jarinka banki tare da lambar BVN, su cika maka fom ɗin biyan riba ta asusu.

Malam_TudunWada:
Na gode 'yata, ashe ni ne mai tiyar gero. Hajiya, rabona da ganin takardar riba tun ina karɓar wasiƙa ta akwatin gidan wayar makarantarmu. Gobe Litinin in sha Allah zan hau Keke zuwa PZ, unguwar bankuna a nan Zariya, da takardar hannun jarin.