Damina ta same ni ina tsakiyar naɗar hirar tsofaffin ma'aikatan masaƙa: in dakata ko in ci gaba?

Ɗan Masaƙa, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe wani aiki na ƙashin kansu ban da wanda suke ci da iyali da shi, musamman yanzu da ruwa ya kankama a Kaduna.

Ni malamin makarantar sakandare ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara 22 a sashen kaɗin zare na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Bayan rasuwarsa na buɗe akwatinsa na ƙarfe, na tarar da katin shaidar aikinsa, da hotuna uku da suka manne da juna, da takardun albashi a naɗe cikin wani guntun akoko. A ranar na gane cewa ban taɓa zaunar da shi na tambaye shi yadda aikin yake ba, alhali da wannan albashin aka ciyar da mu, aka sa mu makaranta. Tun watan Janairu nake hawa mota kowace Asabar, in haye gada zuwa Kakuri da Makera da Nasarawa, ina neman abokan aikinsa da sa'o'insu, ina naɗar hirarsu a waya. Na samu dattawa 9 zuwa yanzu, kuma burina in mai da labarinsu ƙaramin littafi da Hausa.

Asabar ɗin da ta wuce ina zaune da wani dattijo a ɗakinsa mai rufin kwano, ba silin. Ya kai daidai inda yake ba ni labarin yadda jiniya take kaɗawa da sassafe, masu aikin dare suna fitowa da auduga a gashin kansu, masu shiga suna tururuwa a kan kekuna har titi ya cushe, sai hadari ya taso daga gabas. Iska ta bugo ƙofa, aka ɗauke wuta, ruwa ya kece. Shi bai fasa magana ba, ni ma ban katse shi ba, amma da na koma gida na saurara, kusan minti 40 babu abin da ake ji sai rugugin kwano. Ban da wannan, mutum biyu da na yi alkawari da su sun tafi garuruwansu shuka, ɗaya wajen Zangon Kataf, ɗaya wajen Funtuwa, ga shi kuma jarrabawar zango na uku ta matso, aikin makaranta zai cinye mini dare.

Zuciyata tana raya mini in ajiye komai sai kaka, in an dawo daga gona kuma sama ta yi wasai. Shin hakan ya fi, ko akwai yadda ake tafiyar da irin wannan aiki cikin damina?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyautata makwancinsa. Ɗana, kada ka dakata. Na daɗe ina yawo da rakoda ina naɗo hira domin shirye-shirye, kuma abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne mutanen da na ce zan koma wurinsu bayan girbi, na koma na tarar da tabarmar makoki a ƙofar gida, ko kuma na same su da rai amma tsufa ya riga ya taɓa tunaninsu. Ka yi lissafi da kanka. Kamfanin Kaduna Textiles, wanda shi ne farkon manyan masaƙun garin nan, ya fara aiki a 1957. Wanda ya shiga masaƙa a 1970 yana ɗan shekara 20 ya haura 70 a yau, na farkon farko kuwa saura ƙalilan.

Lokacin zuwanka ne ya kamata ka sauya. Ruwan farkon damina a nan yawanci hadari ne da ke haɗuwa da la'asar ko cikin dare, ya zo da iska da tsawa, ya zuba ya wuce, safiya kuwa galibi garau take. Ka riƙa isa da hantsi, ka gama kafin azahar. Wanda zai ba ka wahala ta gaske shi ne ruwan marka na Agusta, da ake wuni ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa, saboda haka makonnin nan da kake son zubarwa su ne mafi amfani a gare ka.

In ka shiga gida, ka fara duba sama kafin ka zauna. Ka roƙi a ba ku ɗaki mai silin, ko zaure, ko ma gindin bishiya idan gari shiru ne. A kashe fanka, a nisanci janaretan maƙwabta. Ka rufe layin wayar don kada kira ya datse maka hira, ka ɗora ta a kan matashi ko naɗaɗɗen zane kamar kamu ɗaya ko biyu daga bakin mai magana, domin tebur yana kwashe ƙarar duk abin da aka taɓa. Farkon abin da za ka naɗa shi ne sunansa, da ranar, da amincewarsa da bakinsa cewa a sa maganarsa a littafi. Daren ranar kuma ka kwafe hirar zuwa wani wuri na biyu.

Idan ruwa ya rutsa ku duk da haka, ka ɗauki biro da takarda. Dattijon da ruwa ya tsare a ɗaki, ba sauri yake ba, ba mai kiransa, sau da yawa a lokacin yake faɗin abin da bai taɓa faɗa wa 'ya'yansa ba. Ka koma wurin wancan dattijon cikin makon nan, ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru, zai maimaita maka, wataƙila ma da ƙari.

Tela, Makera:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Na karanta bayaninka sau biyu, kuma na lura dattawa 9 ɗin nan duk maza ne. Mahaifiyata ta yi shekaru tana sayar da koko da ƙosai da safe, da tuwo da rana, a bakin ƙofar wata masaƙa. Tana da littafin bashi da take ba wani yaro ya rubuta mata, ana ci ana rubutawa sai ƙarshen wata, kuma ita ce take fara sanin an yi albashi ko an yi jinkiri tun kafin matan gida su sani. Lokacin da masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya daga farkon shekarun 2000, littafin nan ya rage a hannunta cike da sunaye, ba ta bi kowa ba, domin ta ga halin da suka shiga da idonta. Irin su suna nan da yawa a Makera da Kakuri, haka ma matan da suka riƙe gidaje da wankau da ƙullin gyaɗa bayan aiki ya tsaya. Yawancinsu ba sa zuwa ko'ina da damina. Kafin masu shuka su dawo, ga waɗanda za ka zauna da su.

Game da ƙarancin lokaci, zan gaya maka yadda nake yi da nawa. Shekara biyu ke nan ina tara tsofaffin atamfofin da aka buga a Kaduna, waɗanda har yanzu ake iya karanta sunan kamfani a bakin zanen, ina karɓa daga adakar tsofaffi, wani lokaci in musanya musu da sabo. Ina yanka inda bai mutu ba, ina harhaɗawa da hannu domin in fitar da babban mayafin gado guda. Wunina na masu kawo ɗinki ne, saboda haka na ware wa wannan aiki rabin awa bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, da zare da allura da fitilar caji, ko da wuta ko babu. A haka na wuce rabi. Kai ma ko shafi ɗaya ka rubuta daga hirarrakin kowace safiya, kafin a ba da hutu ka tara abin kirki, kuma duba takardun jarrabawa bai taɓa wannan rabin awar ba.

Guntun akokon mahaifinka kuwa, ka fito da shi ya sha iska duk ranar da rana ta buɗe, domin danshin wannan lokaci yana sa yadi fumfuna tun ba ka ankara ba.

Ɗalibin Tarihi, Badarawa:

Malam, abin da Baba na rediyo da Hajiya tela suka faɗa ya wadatar game da hira, ni kan takardu zan yi magana. Hotunan da suka manne kada ka ɓamɓare su da ƙarfi, kada kuma ka sa musu ruwa ko dutsen guga, fuskar hoton ce za ta tashi. Sauran takardun ka raba su da farar takarda tsakaninsu, ka cire su daga leda domin tana riƙe gumi, ka ɗaga akwatin daga ƙasa ka janye shi daga bango saboda gara. Duk katin aiki ko hoton da wani dattijo ya nuna maka, ka ɗauke shi da waya nan take a bakin taga ka mayar masa da abinsa. Hasken ranar da gari ya yi lumshi ya fi kowane kyau ga wannan, domin ba ya ƙyalli a kan hoto.

Ranakun da ruwa ya hana ka haye gada, ka nufi Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon. Ka nemi tsofaffin fitowar jaridun New Nigerian, wadda ta fara a Janairun 1966, da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ka gwada shekarun da dattawan suka ba ka, domin mutum yakan tuna abu daram amma ya gauraya shekara. Ka tambaye su kuma batun ƙungiyar ƙwadago, ai daga masaƙar Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya taso kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999.

Roƙona ɗaya: masaƙun sun tara Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Igala da Nufawa, kuma da Hausa suke magana da juna a bakin inji. In ka zo rubutawa, ka bar wa kowa Hausarsa yadda ta fito daga bakinsa, kada ka mai da ita ta littafin makaranta.

Ɗan Masaƙa, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na kira ɗan dattijon nan jiya da daddare, mun tsayar da Asabar ƙarfe 9 na safe, kuma maƙwabcinsu ya yarda mu zauna a zaurensa. Hotunan na riga na gwada raba su sau ɗaya a baya, gefen guda ya ɗan tashi, yanzu na bar su yadda suke, akwatin kuma na ɗora shi a kan benci.

Hajiya, maganarki ta tsaya mini a rai, domin mahaifiyata tana nan da ranta a ɗakin da ke kallon nawa, ita ta riƙe mu lokacin da aiki ya tsaya, kuma ban taɓa kawo ta cikin lissafin littafin ba. Da ita zan fara gobe bayan asuba, in Allah ya kai mu. Idan mahaifiyarki tana da ƙarfin zama, kuma za ta yarda, ina roƙon ki nema mini izinin zuwa gaishe ta, tare da ƙanwata, a Asabar ta sama. Ina so in ga littafin bashin nan, ko da ba za a buɗe sunayen ba.