Hostel, Haya ko Jeka-ka-dawo? Masu Ɗalibai Ku Matso

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbi a Jami'ar Bayero, sashensu yana sabuwar jami'a, can titin Gwarzo, mu kuwa muna Hotoro. Babanta ya ce ta riƙa zuwa daga gida, ni hankalina ya fi kwanciya da hostel. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya ce a makarantarsu dole ɗan aji ɗaya ya zauna ciki, kuma ya biya kuɗin abincin zango gaba ɗaya. Nan ma haka ne?

'Yar Aji Uku: Wa'alaikumus salam, Mama. Nan ba dole. Gado nemansa ake yi ta intanet bayan an gama rajista, kuma kamar yawancin jami'o'in gwamnati masu nema sun fi gadajen yawa, don haka kada ta yi sanya da rajistar. Abinci kuwa kowa tashi ta fisshe shi. Ni a hostel nake. Mu 'yan ɗakinmu karo-karo muke yi: wata ta kawo shinkafa da wake, wata manja da yaji, a cika gas tare, a raba ranakun girki. Ranar da lakca ta yi yawa sai garin kwaki ko awara a bakin aji. Abin da na fi mora shi ne karatun dare lokacin jarrabawa, ba tunanin abin hawa.

Tsohon Ɗalibi: Yarinya, kin tuna mini da. A zamaninmu ba ɗalibin da ya san tukunya. Tikitin abinci ake ba mu, mu bi layi a ɗakin cin abinci safe, rana da dare, ranar Lahadi har da kaza. A 1978 aka ƙara kwabo 50 kan kuɗin abincin yini, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2, ɗalibai suka tashi a faɗin ƙasa suna neman Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, ya sauka. Har rayuka aka rasa, a Legas da Zariya. Daga baya, a shekarun 1980, gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwar, sai risho ya shigo ɗakuna. Hajiya, abin da ƙanenki yake ba ki labari mun gan shi a nan, sai dai namu gwamnati ce ke ɗauke da mafi yawan kuɗin.

Ɗan Danbare: Ni ban samu gado ba, na kama ɗaki a waje, a unguwar Danbare kusa da sabuwar jami'a. Hajiya, idan ta kai ga haya ku je da kanku ku duba ruwa kafin ku biya. Dillali ya rantse mini akwai rijiyar burtsatse, ashe injin ya daɗe da mutuwa, sai 'yan garuwa. Ga kuɗin shekara a dunƙule, ga la'ada. Mace kuma sai an duba su waye maƙwabta, da ƙarfe nawa ake rufe ƙofa.

Mai Zuwa Daga Kurna: Ni daga gida nake zuwa, tuwon Umma bai taɓa wuce ni ba. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita sahu ke cinye aljihuna: in hau zuwa Kabuga, in sake hawa wani. Naira 20,000 ta wata-wata da ake samu a rancen NELFUND, asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, a hanya take ƙarewa. Lakcar ƙarfe 8 kuwa, ana idar da Asuba nake fita. Hotoro ta ma fi mu nisa.

Uwar Biyu: Allah Ya saka da alheri. Zan nuna wa Babanta lissafin adaidaitar nan. 'Yata, idan ta samu gadon me za mu haɗa mata?

'Yar Aji Uku: Bokiti biyu, gidan sauro, ƙaramar tukunyar gas, fitila mai caji da kwaɗo mai kyau. Ku soya mata miyar da za ta yi mako, a rubuta sunanta a jikin komai, har ludayi. Kuma kada a kai buhu guda lokaci ɗaya, Mama, 'yan ɗaki suna gani za a naɗa ta uwar ɗaki.