Wai me za mu kira "smoker" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Neman suna nake yi, amma ba na jariri ba.

Sati uku ke nan ni da wani mai walda a Sabon Gari muna fama da wani tsohon tankin gas, har muka mayar da shi abin nan na dafa nama da hayaƙi da Amurkawa ke kira "smoker". Ranar da muka ɗora shi a a-kori-kura za mu kai shi gida Tudun Wada, direba ya ce, "Alhaji, wannan kuma mene ne?" Na buɗe baki na rasa ta cewa. Na duba manhajar fassara a waya, wai "mai shan taba". Allah Ya sawwaƙe.

Bari in kwatanta muku shi, don kada a raɗa suna ba a ga jariri ba. Tanki ne a kwance, tsawonsa ya kusa mita 2, mun yanka masa ƙofa biyu, muka shimfiɗa raga a ciki. A gefe ɗaya, ƙasa kaɗan, an liƙa akwatin ƙarfe inda ake hura wuta. Ɗaya gefen kuma bututu ne a tsaye. Wuta ba ta taɓa nama ko kaɗan. Zafi da hayaƙi ne ke fitowa daga akwatin, su ratsa ta kan naman, bututu ya zuƙe su waje. Ana riƙe zafin tsakanin digiri 110 da 120 a ma'aunin Salshiyos, kuma naman ƙirjin saniya, wanda mutanen jihar Tekzas ta Amurka suka yi suna a kansa, yakan ci awa 10 zuwa 14 kafin jijiyar da ke sa shi tauri ta narke.

Mai son kwaikwaya ya kiyaye: ba a kai wa tankin gas abin yanka sai an cire bakinsa an cika shi da ruwa fal. Kuma a guji duro da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki.

Gwajin farko ba da nama muka yi ba, nama da tsadar nan. Yankan burodi muka jera a raga daga wannan ƙarshen zuwa wancan, muka rufe. Da muka buɗe, na kusa da wuta sun zama gawayi, na wajen bututu ko launi ba su sauya ba. Sai da mai walda ya sa farantin ƙarfe a mashigar zafin sannan abu ya daidaita. Na kuma yi wautar jefa ɗanyen icen dalbejiya, hayaƙi ya turnuƙe fari fat, kaji biyu suka fito da ɗaci. Yanzu busasshen marke da mangwaro kawai nake sawa, hayaƙin ya fito siriri, shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa.

To, ga jariri. Ku kawo suna.

Ƙari, bayan Isha'i: na ga shawarwarinku, na gode.

Masu cewa "injin gashi", ku yi haƙuri, babu inji a jikinsa, ko fanka. Tukuba ma ba ta yi ba. Tukuba a buɗe take, tsire na kallon wuta ido da ido, mai tsire na tsaye yana juyawa. Wannan kuwa duk buɗewar da ka yi zafi ka zubar.

Inda aka ja dogo shi ne "banda". Wata baiwar Allah ta ce mahaifiyarta ta shekara da shekaru tana bandar kifi, kuma abin da na kwatanta ba shi da maraba da nata: raga a sama, hayaƙi a ƙasa, a rufe. Hajiya, na yarda da rabin maganarki. Har wani ya tuna mana cewa kalmar "barbecue" kanta daga "barbacoa" ta fito, sunan da Sifaniyawa suka ji a bakin mutanen tsibiran Karebiyan, kuma ragar itace ce da ake ɗagawa sama. Kusan bandarmu ke nan. Amma me ake nema da banda? A kori ruwan jikin nama ko kifi don ya yi watanni bai lalace ba. Ni kuwa ruwan nake lallashi ya zauna. In nama ya fito a bushe daga tankina, asara na yi. Ka ce wa baƙo ga naman banda, zai sa ran abin da sai an jiƙa an jefa a miyar kuka.

Wani ɗalibin Hausa daga Samaru ya kawo "makyafi", a kan tsarin mabuɗi da magirbi. Ginin ya yi kyau, ba shakka. Sai dai kyafewa ma busarwa ce, kuma na gwada faɗa wa mai ɗakina, ta ce, "Ma-me?"

Ƙari na biyu, yau Asabar: kawuna, tsohon mahauci, ya zo. Ya zagaya tankin sau biyu, ya ɗora bayan hannu a murfin, ya yagi ƙirjin da ya kwana a ciki da yatsu biyu, ko wuƙa bai nema ba. Na ce, "Kawu, me za a kira shi?" Ya ce, "Kai yaro, ai tanderu ne. Na masu gurasa zafi kawai yake riƙewa, naka ka haɗa masa da hayaƙi."

Ni dai na tsaya a nan: tanderun hayaƙi. Tanderu ya nuna rufaffen abu ne mai dafawa da zafi, hayaƙi ya raba shi da na gurasa da na burodi. Naman kuma a ce gashin hayaƙi, kamar yadda muke cewa gashin tukunya. Mai ja ya kawo hujjarsa.

Yaran layinmu kam ba su jira ni ba. Tun da suka ga bututu na hayaƙi suka sa masa "jirgin ƙasa", ɗazu ma wani ya leƙo zaure yana tambaya ko jirgi zai tashi gobe.