Don Allah a ba ni shawara kan Turancin WAEC

Assalamu alaikum 'yan gida, da fatan mun wuni lahiya. Ni ɗaliba ce nan Gusau, ina SS2 zan shiga SS3, kuma burina in karanta Turanci a jami'a, ko ta Tarayya da ke nan garin ko Danfodiyo Sakkwato. Matsalata in anka ba mu tambayoyin zaɓi ina taɓukawa, amma da an ce a rubuta insha'i sai kaina ya ɗaure, maganar tana nan cikin raina da Hausa amma wurin zuba ta da Turanci sai ta dagule, ga shi mun yi yawa a aji malam bai iya duba na kowa. Ƙawata ta ce in riƙa haddace manyan kalmomi cikin ƙamus, yayana kuma ya ce lesin zan shiga. Mi kunka gani?

Malamin Turanci daga Ƙauran Namoda:
Wa alaikis salam ɗiyata. Ki aje maganar manyan kalmomin nan, su ke kada yara. Turancin WAEC kashi uku ne, na farko tambayoyin zaɓi 80, na biyu insha'i da karanta labari a amsa tambayoyi da taƙaitawa, na uku na furuci tambaya 60. Na biyun nan shi ke da nauyi, insha'i kawai maki 50 ne, taƙaitawa 30, karatun labari 20. Su 50 ɗin an raba su, 10 na abin da kika faɗa, 10 na tsari, 20 na yadda kika gina jimla, 10 na tsabtar rubutu wato sifelin da waƙafi da manyan baƙaƙe, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci, kin ga kuskure 20 ya cinye goman nan kaf. Ana son kalma wajen 450, yaro sai ya jawo kalmar da bai san inda take zama ba don ya burge mai maki, ya yi asara biyu. Ki rubuta gajerun jimloli da kika tabbatar da su. Kowane sati ki ɗauki tambaya guda cikin fas kwesin, wato tambayoyin jarabawar shekarun baya, wasiƙa ko jawabi ko labari, ki sa agogo minti 50 ki rubuta, ki kai ma malaminku a ofis ba cikin aji ba. Wanda bai iya duba na aji duka zai duba takarda guda in kin bi shi da ladabi.

Wani ɗalibin jami'a daga Birnin Kebbi:
Malam ya gama magana. Ni tambayata ƙanwata, kina ɗaukar Litireca, wato adabin Turanci, kuwa? Don in Turanci za ki karanta a jami'a kiredit na Turanci kaɗai bai isa, ana son na Litireca, kuma a JAMB ma sai kin sa ta cikin darussanki huɗu. Akwai waɗanda sai wurin cike fom sunka gane haka. Kiredit daga C6 yake farawa, D7 ba ta kai ki ko'ina. A JAMB kuma Turanci tambaya 60 ne sauran 40 40, duka cikin awa 2, sauri ake so.

Wata Hajiya daga Argungu:
Ni dai ban yarda a raina lesin ba, nawa yaran ya taimake su, amma ki bincika mai koyarwar yana sa rubutu yana gyarawa da jan biro ko kuwa allo kawai yake cikawa ku kwafa, in na biyun ne ki riƙe kuɗin babanki. Kuma ɗiyata ki riƙa karanta jarida da ƙarfi, ko Daily Trust ce a waya, shafi guda kullum bayan la'asar.

Wani daga Talata Mafara:
Kar ku manta na furucin nan, mu Hausawa nan muke zubar da makin banza, p da f sun zame muna abu guda, b da v ma haka. Ba baki za ki buɗe ba a jarabawar, a takarda za ki zaɓa, amma in kunnenki bai saba ba sai canki-canka. Ki riƙa sauraren labaran BBC na Turanci ko na NTA ko minti goma ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah shi saka da alheri. Yaya na Birnin Kebbi, ina ɗaukar Litireca alhamdulillah. Malam taƙaitawar fa, ni kwafe layin nake yi daga labarin, laifi ne?

Malamin Turanci:
Laifi ne babba, ana rage maki in kin ɗauko layi yadda yake. In an ce jimla shida ki ba da shida cikakku da kalmominki, kowace da batu guda, ban da misalai da ƙarin bayani. Ki gwada ta WAEC ɗin bara ki ɗauki hotonta ki turo nan ranar Assabar in duba miki.